Kwanakin Bita a Washinton: Amsa ga Mai Tafiya Koyon Adana Gine-ginen Tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta zanen gine-gine, na gama hidimar ƙasa, yanzu ina taya wasu masu aikin auna tsofaffin gidajen ƙasa a cikin birni. An ɗauke ni a shirin musayar matasa masu koyon aikin adana wuraren tarihi na kwamitin ICOMOS na Amurka. Takardar da aka aiko mini ta ce za mu fara haɗuwa a Washinton a yi mana bita ta 'yan kwanaki, sannan kowa ya wuce inda aka tura shi. Me ake yi a wannan bitar? Me ya kamata in shirya? Kuma ɗan abin da na sani na ginin ƙasa zai yi mini wani amfani a can kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya.

Ki fara cire wa ranki cewa za a koya miki gini a kwanakin bita. Aikin hannu da awo da zane suna can suna jiran ki a wurin masu masaukinki. Abin da bita take ba ki, wanda da wuya ki sake samun sa a tattare wuri ɗaya, shi ne sanin wanda yake da iko a kan tsohon gini a ƙasar nan, iyakar ikonsa, da takardar da yake dogaro da ita idan zai yi magana. Wanda ya kama wannan a makon farko, zai fahimci dalilin duk aikin da za a ɗora masa daga baya. Wanda bai kama ba kuwa, sai ya shafe watanni yana cika takardu bai san inda za su ba.

Shirin da aka ɗauke ki ya faro ne a 1984. Uwar ƙungiyar, ICOMOS, wato ƙungiyar duniya ta masu adana wuraren tarihi, an kafa ta a birnin Warso na ƙasar Poland a 1965, shekara ɗaya bayan Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan ƙa'idojin adana tsofaffin gine-gine, kuma ita ce take ba UNESCO shawara kan wuraren al'adu da ake neman sa wa cikin jerin kayan gadon duniya. Reshenta na Amurka, wanda a 'yan shekarun nan yake amfani da sunan World Heritage USA, shi yake tura matasan Amurka waje ya kuma karɓo na wasu ƙasashe. Bisa al'ada ana haɗuwa a Washinton a farkon lokacin zafinsu, a zagaya da ku ofisoshi da wuraren tarihi, kowa ya tafi aiki na wajen wata uku ko ƙasa da haka kaɗan, a ƙarshe a sake taruwa kowa ya ba da bayanin abin da ya yi. Jadawalin kwanakin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, amma hukumomin da za a riƙa ambata miki ba sa sauyawa, don haka a kansu zan fi daɗewa.

A wurinmu, da Najeriya da Nijar, idan aka ce kayan tarihi sai hankali ya tafi ga gwamnati ko fadar sarki. A Najeriya akwai Hukumar Gidajen Tarihi da Abubuwan Tunawa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita take ayyana wuri a matsayin abin tarihin ƙasa. A Amurka abin daga ƙasa ya taso. Gidan shugabansu na farko, George Washington, wato Mount Vernon, ba gwamnati ce ta cece shi ba. Wata mata ce mai suna Ann Pamela Cunningham ta kafa ƙungiyar mata a 1853, suka yi karo-karo suka sayi gidan a 1858, kuma har gobe ƙungiyar ce take riƙe da shi. Gwamnatin tarayya ba ta shigo da cikakkiyar doka ba sai 1966, bayan manyan titunan mota da shirin sabunta birane sun cinye unguwanni da dama, kuma bayan an fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a birnin Niyu Yok a 1963, rushewar da ta ƙona wa mutane rai ƙwarai. Dokar 1966 ta Adana Tarihin Ƙasa ita ce ginshiƙin komai. Ki karanta taƙaitaccen bayaninta kafin ki hau jirgi.

Dokar ta haifar da Rajistar Ƙasa ta Wuraren Tarihi, wadda hukumar NPS take riƙe da ita. NPS ita ce hukumar gandun daji da wuraren tarihi, an kafa ta a 1916, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida (kada sunan ya ruɗe ki, tasu ma'aikatar ba ta shige da fice ba ce, ta filaye da albarkatun ƙasa ce). Wuraren da ke cikin rajistar sun haura 90,000. To, ga abin da yake ba kusan kowane baƙo mamaki: shigar da gida cikin rajistar ba ya hana mai shi ya rushe shi. Idan gidan na mutum ne, da kuɗinsa zai yi aikin, ba ya neman izini ko tallafin tarayya, dokar tarayya ba ta da ta cewa. Rajista girmamawa ce, kuma ƙofa ce ta samun wasu fa'idodi. Ki riƙe wannan da kyau, domin na sha jin waɗanda suka je suka dawo suna bayar da labarin akasin haka.

Mai iya cewa "a'a" ta gaskiya ita ce hukumar gari. Birnin Charleston a jihar Karolina ta Kudu shi ya fara keɓe tsohuwar unguwarsa da dokar gari a 1931. Niyu Yok ta yi tata dokar a 1965, kuma da kamfanin da ya mallaki tashar Grand Central ya kai ƙara saboda an hana shi ɗora dogon bene a kanta, Kotun Ƙoli ta goyi bayan birnin a 1978. A irin waɗannan garuruwa, mai gida a keɓaɓɓiyar unguwa sai ya je gaban kwamitin gari kafin ya sauya taga ko rufi. Zaman kwamitin a buɗe yake ga kowa. Idan garin da aka tura ki yana da irinsa, ki je ki zauna a baya ki saurara ko sau ɗaya ne. A nan za ki ji mai gida yana kukan tsadar tagar katako, maƙwabci yana kare unguwarsa, mai zanen gini yana neman tsakiya. Ni dai a ganina zama ɗaya na irin wannan ya fi lacca uku.

Sai Sashe na 106 na dokar 1966, wanda za ki ji an ambata har ki gaji. Ma'anarsa: duk aikin da gwamnatin tarayya take yi, ko take ba da kuɗinsa, ko take ba da lasisinsa, titi ne, gada ce, ko bututun mai, dole hukumar da ke da aikin ta duba ko zai shafi wurin da yake cikin rajista ko wanda ya cancanci shiga, ta kuma tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Na farko a cikinsu shi ne jami'in adana tarihi na jiha. Kowace jiha tana da shi, za ki ji suna kiran ofishin "shifo". Tun gyaran doka na 1992, ƙabilun asalin ƙasar ma suna iya naɗa nasu jami'in. A sama kuma akwai Majalisar Ba da Shawara kan Adana Tarihi, da ke Washinton, mai sa ido a kan tsarin. Sashe na 106 tilasta sallama ne kafin a shiga gida, ba kulle ƙofa ba ne. Bayan an yi shawara, sau da yawa aikin yana ci gaba, sai dai a sa hannu a yarjejeniya: a karkatar da titi, ko a rage tsawon gini, ko a auna tsohon ginin a zana shi a ɗauki hotunansa kafin a rushe.

Kada ki raina wannan sallamar. A 1991, ana shirin gina wani ofishin gwamnatin tarayya a kudancin Manhattan, cikin birnin Niyu Yok, binciken da wannan doka ta wajabta ya tono maƙabartar 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, na ƙarni na 17 da na 18. An tono ƙasusuwan mutum 419. Baƙaƙen fatar birnin suka tashi tsaye a kan yadda ake tafiyar da abin, aka sauya tsarin ginin, aka miƙa binciken ga Jami'ar Howard, aka sake binne su da girmamawa a 2003, wurin kuma ya zama abin tunawa na ƙasa a 2006. Doka ta buɗe ƙofar magana, jama'a ne suka shiga suka yi ta. Idan an ba ku damar tambaya a ofishin Majalisar Ba da Shawara, ki tambaye su yadda suke tantance wanda ya cancanci a saurare shi. A nan gardamar take.

Wata hanyar kuma ita ce kuɗi. Wanda ya gyara tsohon ginin da aka tabbatar da tarihinsa, kuma ginin na neman kuɗi ne kamar otal, ofis ko gidan haya, ana rage masa harajin tarayya da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran da aka amince da shi. Sharaɗin shi ne ofishin jiha da NPS su duba aikin su yarda ya bi ƙa'ida. Wannan rangwamen ya ceci tsofaffin masana'antu da shaguna da yawa da doka ba ta iya karewa ba. Idan ofishin masu zanen gini aka tura ki, akwai yiwuwar takardun neman wannan rangwame ne za su ci rabin lokacinki.

Ƙa'idar da ake dubawa ita ce wadda ake dangantawa da Sakataren Cikin Gida. Ta raba aikin tsohon gini gida huɗu, kuma a can ba a haɗa su a baki. Akwai riƙe gini yadda aka same shi, a kare shi daga lalacewa. Akwai gyara shi don a ci gaba da amfani da shi, ko da sabon amfani ne. Akwai mayar da shi kamanninsa na wani zamani takamaimai, a cire abin da aka ƙara daga baya. Akwai kuma sake gina abin da ya riga ya ɓace, bisa hujja. Na biyun ne aka fi yi, yana da sharuɗɗa goma, kuma zuciyarsu ba ta da wuya: a gyara abu ya fi a musanya shi, a tsabtace bango da hanya mafi sauƙi ba da feshin yashi ba, sabon ƙari ya dace da tsohon amma a iya bambanta su, kuma a yi shi yadda za a iya cire shi ba tare da an ji wa ginin ciwo ba. Kafin a sa wuri a rajista kuma ana duba muhimmancinsa, galibi ya kai shekara 50, sannan a auna yawan abin da ya rage na asalinsa ta fuska bakwai: mazauni, tsari, kewaye, kayan gini, aikin hannu, yanayin da yake sa wa mai kallo, da alaƙarsa da abin da ya faru a wurin.

Nan ne tambayarki ta ƙarshe take shigowa, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Tunanin Turai na adana gini a kan dutse ya girma. Yarjejeniyar Benis ta damu da asalin kayan da aka yi gini da su, ta ce maido da gini ya tsaya a daidai inda hasashe ya fara. To, me za a ce da ginin da ake yi wa sabon yaɓe duk shekara? Babban masallacin Jenne a Mali, jama'ar gari ne suke fita su yaɓe shi gaba ɗaya. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda tsohon garinta ya shiga jerin gadon duniya a 2013, da gyaran magina take tsaye. Ƙasar da ke fuskar bangon yau ba ita ce ta shekara ɗari da suka wuce ba, amma ba mai hankalin da zai ce ginin jabu ne. Japanawa ma suna da irin wannan magana, ga wurin ibadarsu na Ise da ake sake ginawa duk shekara 20. Wannan ya sa aka yi taro a birnin Nara na Japan a 1994, aka amince cewa sahihancin abu ana auna shi ne cikin al'adar da ta haife shi, kuma ilimin hannu da ake gada yana cikin abin da ake adanawa. Kin tashi a inda wannan ba ƙa'ida ce ta takarda ba. Kin ga magini yana taka ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta kwana ta ruɓa, ya mulmula tubali, ya jera azara, ya ɗaura baka, ya shafe da makuba. Yawancin abokan zamanki a bita a littafi suka san wannan.

Kuma Amurka kanta tana da ginin ƙasa. A kudu maso yammacinta, musamman jihar Niyu Meksiko, akwai garin Taos na 'yan asalin ƙasar, gidajen ƙasa masu hawa-hawa da har yanzu ake zaune a ciki, wanda ya shiga jerin gadon duniya a 1992. Kusa da shi akwai tsohuwar majami'ar Ranchos de Taos, wadda aka taɓa lulluɓe ta da filasta mai tauri don a huta da yaɓe, ruwa ya maƙale a ciki ya fara cin bangon, dole aka ɓare aka koma yaɓen ƙasa da jama'a suke taruwa su yi kowace shekara. Ai kin san wannan ciwon. Shi ne na gidajen cikin birni da aka shafe da siminti: waje sumul, ciki yana zubewa, wata damina sai allon simintin ya ɓalle ya faɗo da rabin katanga. Ko a garuruwan gabas da ake gini da jan bulo, cutar ɗaya ce. Tsohon bulo mai laushi ne, an jera shi da kwaɓin farar ƙasa ta ƙonannen dutse, mai barin danshi ya fita. Idan aka cike tsakaninsa da siminti mai ƙarfi, sai danshi ya bi ta jikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Idonki da ya saba neman inda ruwa yake shiga, daga indararo zuwa gindin bango, zai yi miki aiki a ko'ina aka kai ki.

Saboda haka ki tafi da guzurin nunawa. Ki shirya hotuna kamar goma sha biyar da za ki iya bayani a kansu cikin minti biyar: aikin awon da kike yi, wani zaure ko soro, cikin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, Gobarau ta Katsina, abin da ya rage na badalar Kano da abin da ya cinye ta. Kada ki ɓoye lalacewa don kunya, kada kuma ki mayar da bayanin kukan rashin kuɗi. Ki faɗi matsalar yadda ƙwararre yake faɗa: ga abin da yake ci, ga dalili, ga abin da aka gwada. Ki san cewa Najeriya tana da Sukur a jihar Adamawa, wanda aka sa a jerin gadon duniya a 1999, da kurmin Osun na Osogbo a 2005, domin za a tambaye ki. Musaya aka ce, ba a kira ki don ki zauna ki karɓa kawai ba.

Wani wurin da ya kamata ki buɗe kunne sosai shi ne sashen tattara bayanan gine-gine na NPS. Shirinsu na HABS ya faro a 1933, lokacin karayar tattalin arziki, da shawarar wani mai zanen gini Charles Peterson, don a sama wa masu zane marasa aiki abin yi su auna tsofaffin gine-gine. Daga baya aka ƙara HAER a 1969 don gadoji da masana'antu, da HALS a 2000 don lambuna da filaye. Kowane aiki ƙafa uku yake da su: zanen da aka yi bisa awo, hoto baƙi da fari na babban fim, da rubutaccen tarihi. Duka ana ajiye su a Laburaren Majalisar Dokoki, kuma suna intanet kyauta. Ki zauna tun yanzu ki buɗe zane biyar ko shida, ki duba kaurin layi, yadda suke nuna karkacewar bango ba tare da sun miƙe ta ba, da yadda suke rubuta abin da ba su iya aunawa ba. Yau ana amfani da na'urar awo ta hasken leza da haɗa hotuna a kwamfuta, amma har yanzu ana son mai iya zana abu da hannu a takardar fili ya rubuta awonsa a tsabtace. A ganina wannan shi ne abu mafi sauƙin ɗaukowa a kawo gida, domin ba ya bukatar sabuwar doka. Tef, takarda, haƙuri da wurin ajiya mai aminci kawai yake so.

Awon nasu zai ba ki wahala a makon farko. Ƙafa da inci suke amfani da su, ba mita ba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya inci 12 ce, wato santimita 30.48, kuma inci ana raba shi biyu, huɗu, takwas, sha shida. A takardar fili ta HABS za ki ga lamba uku da ɗigo a tsakani, ƙafa, inci, da kashi takwas na inci, ta yadda 3.1.2 take nufin ƙafa uku da inci ɗaya da rubu'i. Ki sayi tef mai inci a kasuwa ki yi ta auna ƙofofin gidanku har idonki ya saba. Kwanan wata ma da wata suke farawa: 7/8 a wurinsu 8 ga Yuli ne, ba 7 ga Agusta ba. Mutane sun rasa jirgi a kan wannan.

Zaman ofis kuma da nasa hali. Shugabar aikinki, ko ta haife ki, za ta ce ki kira ta da sunanta kai tsaye. Zai yi miki nauyi a baki, amma ki yi, don a wurinsu ba raini ba ne. Sunkuyar da kai da yin shiru, da muke ɗauka ladabi, su suna iya karanta shi a matsayin rashin sha'awa ko rashin fahimta. Idan ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba nan take, matambayi ba ya ɓata. Ƙarfe tara tara ce. Idan aiki ba zai ƙare ranar da aka sa ba, ki faɗa tun da sauran kwana biyu. A ranar farko ki nemi zama da mai kula da ke, ki tambaye ta abu uku: me ake so in miƙa a ƙarshe, wa zai duba shi, kuma an yarda in yi amfani da hotuna da zanen a bayanina na ƙarshe da kuma bayan na koma gida? Ta ukun tana da muhimmanci. Wasu ayyukan na masu gida ne, wasu kuma sun shafi wurare masu tsarki na ƙabilun asali waɗanda doka ta yarda a ɓoye inda suke. Kada ki ɗora hoton wurin aiki a Facebook sai kin tambaya.

Maganar salla da abinci ki yi ta tun a bita, ba sai kin isa ba. Galibi idan kika nemi ɗan wuri da 'yan mintuna za a ba ki ba tare da wata magana ba, amma ba za su yi tunanin abin da kansu ba. A Washinton akwai babban masallacin Cibiyar Musulunci da aka buɗe a 1957, da wuraren cin halal da yawa. Ƙaramin gari kuwa sai kin yi shiri. Rana tana daɗewa lokacin zafinsu, magariba takan wuce ƙarfe takwas. Idan ba kya musabaha da maza, ɗora hannu a ƙirji da murmushi da gajeren bayani ya wadatar. Mayafi ba matsala ba ne, sai dai a wurin gini ki ɗaura wanda ba ya lilo, wanda hular kwano za ta zauna a kansa.

Takardu: irin wannan shiri yawanci da bizar J-1 ake shiga, tare da takardar DS-2019 da masu ɗaukar nauyi suke bayarwa. Ki riƙe ta a jakar hannu tare da fasfo, kada ki sa ta a akwati. Bizar ba ta yarda ki yi wani aikin kuɗi a gefe ba, kuma wasu masu ita ana ɗora musu sharaɗin komawa gida shekara biyu kafin su nemi wasu nau'o'in biza, don haka ki duba abin da aka buga a taki. Dokokin shiga ƙasar suna yawan sauyawa, maganar ofishin jakadanci da ta masu shirin ita ce abin bi, ba ta 'yan unguwa ba. Inshorar lafiya wajibi ce, kuma ki sa a yi miki bayaninta dalla-dalla a bita: wane asibiti za ki je, nawa za ki biya daga aljihunki. Asibiti a can yana da tsadar da ba ta misaltuwa. Alawus ɗin da ake bayarwa na zaman rufin asiri ne. Farashin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba a yawancin jihohi, ana ƙara haraji a wurin biya, kuma a gidan abincin da ake kawo miki kan tebur ana barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ga mai hidima. Ki tambayi yadda za ki riƙa zuwa aiki, domin garuruwa da yawa ba su da motar haya ta kirki.

Tsohon gini yana da haɗarinsa. Ba a hana fenti mai dalma a gidajen Amurka ba sai 1978, don haka duk gidan da ya girmi wannan ki ɗauka akwai ta. Wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kada ki kankare fenti, kada ki ci abinci da hannun da ya taɓa ƙurar wurin. Asbesto ma, wani kayan gini da ƙurarsa take illa ga huhu, yana nan a jikin tsofaffin bututu da daɓe, ba a taɓa shi. A cikin ciyawa akwai kaska mai sa cutar Laim, musamman a arewa maso gabas, da wani ganye mai kunne uku da yake sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Dogon wando, takalmi mai rufi, ki duba jikinki da yamma.

Idan an ba ku yammaci ɗaya na hutu a Washinton, ki je unguwar Georgetown ki nemi titin Dent Place. A nan wani Musulmi ɗan Afirka ta Yamma, Yarrow Mamout, wanda ake kyautata zaton Bafulatani ne, ya mallaki fili. An kawo shi bawa a 1752, ya sami 'yanci bayan shekara 44, ya tara abin kansa, har shahararren mai zane Charles Willson Peale ya zana hotonsa a 1819. Gidansa babu shi yanzu, amma masu binciken ƙasa sun yi tono a filin a 2015. Wurin zai nuna miki inda sana'ar ta karkata a can: daga gidajen manya zuwa tarihin waɗanda suka yi aikin gidajen. A Mount Vernon ma yanzu ana ba da labarin bayi sama da 300 da suke wurin a shekarar da mai gidan ya rasu. Ki lura da kalmomin da masu zagayawa da baƙi suke zaɓa, domin ranar da za ki rubuta bayanin wani gidan sarauta ko tsohuwar kasuwa a gida, irin wannan tambayar za ta tarar da ke.

Game da taron ƙarshe, ki fara shirya shi daga ranar farko. Ki sami littafi ɗaya ki riƙa rubuta abin da kika yi kowace rana, sunan duk wanda kika gana da shi da aikinsa, da lambar kowane hoto da inda aka ɗauke shi. Abokan bitarki daga ƙasashe daban-daban, ki karɓi adireshinsu tun kafin a watse, don su ne za ki riƙa tambaya shekaru masu zuwa idan kina neman mai gwada ƙasa ko hanyar zuwa kwas a ICCROM, cibiyar duniya ta nazarin adana kayan tarihi da ke birnin Rum. Kafin ki baro wurin aiki ki nemi wasiƙar shaida daga mai kula da ke, da kwafin duk abin da aka yarda ki ɗauka, a cikin irin fayil ɗin da kwamfutarki ta gida za ta iya buɗewa.